Ƙudan da Sharhabil Ya Haɗiye a Hawan Kinkinau

Duk wanda ya taɓa zama ofis ɗaya da Malam Sharhabil Tukur, in ka tambaye shi halin mutumin, abin da zai fara ambata shi ne ƙyanƙyami. Kofin shayinsa a cikin durowa yake kwana, durowar kuma da makulli. Bai taɓa cin tsiren bakin titi ba. In aka yi walima a ofis aka zubo shinkafa a faranti ɗaya, sai ya ce ya ƙoshi, ko da kuwa cikinsa na kiran ciroma. In ya gaisa da mai gumin hannu, sai ya jira mutumin ya ba da baya, sannan ya zaro hankici ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

A Tudun Wada aka haife shi. Mahaifinsa Bazazzagi ne, aikin akawu ya kawo shi Kaduna tun garin bai cika haka ba. Sharhabil ya yi makarantar kiwon lafiya, ya fara aiki a matsayin duba-gari, yana shiga lungu yana leƙa randa da masai. Shekara huɗu kacal ya yi yana wannan, da aka ga rubutunsa na da tsabta kuma ba ya makara, sai aka ba shi teburi. Daga teburin nan bai sake tashi ba, sai dai a sauya masa wanda ya fi girma, har ya kai mataimakin darakta a wata ma'aikata da ke kula da tsaftar gari. Duk ƙarshen wata ana kawo masa rahoton wuraren da aka kwashe shara, da hotuna a manne, ya gyara kurakuran rubutu da jan biro, ya sa hannu. Gidansa yana Kinkinau, shekara goma sha bakwai yana ciki shi da matarsa Bara'atu. Da safe ya shiga mota ya ɗaga gilashi, da yamma ya dawo ta hanyar da ya bi.

Yana da shekara hamsin da tara, saura wata goma ya yi ritaya, jiri ya ɗebe shi a sahun sallar la'asar. A asibiti likita ya auna shi sau biyu, ya ce jininsa ya hau ƙwarai, suga ma ya fara leƙowa.

"Magani zan ba ka, amma magani kaɗai ba zai yi ba," in ji likitan. "Yaushe rabonka da yin gumi?"

Sharhabil ya yi tunani na gaskiya, bai tuna ba.

Maƙwabcinsa Rilwanu, wani akawun kotu mai ƙaton ciki da yawan dariya, shi ya ja shi cikin masu keke. Ya ce akwai wasu mutane takwas, yawancinsu 'yan koyo, masu irin matsalarsu, suna haɗuwa kowace Asabar bayan sallar asuba a gaban wani gidan mai a Kurmin Mashi. Suka je wajen masu kayan gwanjo a gefen Babbar Kasuwa, Sharhabil ya zaɓi wani keke shuɗi mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Kafin ya yarda ya ɗora jikinsa a kan sirdin, sai da ya wanke shi sau uku da ruwan zafi da sabulu, don bai san ko wane ne ya yi shekaru yana zufa a kai ba. Mai kayan ya so ya haɗa masa da ɗamammen gajeren wando mai soso a gindi, wanda wani ya riga ya sa. Sharhabil ko taɓa shi bai yi ba. Bara'atu ce ta ɗinka masa ɗan matashi a cikin wani tsohon wandonsa.

Shugaban tafiyar sunansa Zaharaddeen, ma'aikacin asibiti ne a ɓangaren masu gasa ƙashi, siriri kamar sanda, shi kaɗai ne a cikinsu ya san keke da gaske. Ranar farko ya tara su ya yi musu bayani.

"Kaduna a mota shimfiɗaɗɗiya ce. A keke za ku gane ba haka ba ne. Ku sauke giya tun kafin ku shiga hawa, ba sai ƙafa ta ƙage ba. Ku zauna a sirdi, ku juya feda a hankali, kada ku yi gasa da kowa. Ku sha ruwa tun ba ku ji ƙishi ba. In numfashi ya yi wuya, ku buɗe baki, hanci kaɗai ba zai ishe ku ba."

Sharhabil ya ji komai ban da maganar buɗe baki. Shi da ko hamma ba ya yi a titi.

Ɗan tudun farko, wanda ya shekara talatin yana wucewa a mota bai san ma akwai shi ba, shi ya sauke shi. Cinyoyinsa suka ɗauki wuta, ƙirjinsa na bugawa kamar ana daka, ya sauka ya tura keken har sama, masu zuwa kasuwa suna kallonsa. Wannan bai dame shi ba kamar abin da ya gani a wajen abokan tafiyar. Mutanen da ya sani da manyan riguna da turare, ga su nan sun koma wani abu daban. Wani ya kakaro majina ya tofar a gefe, iska ta kawo ta kusa da tayarsa. Wani ya toshe hanci ɗaya da yatsa ya fyace ɗayan yana tafe. Rilwanu ya kafa baki a gorar ruwa, ya sha, ya goge bakin gorar da rigarsa da ta jiƙe sharkaf, ya miƙo masa.

"Sha mana, Malam."

"Na gode, ina da nawa."

Da ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida ya cire rigar da yatsa biyu. Warin da ya tashi daga jikinsa shi kansa sai da ya kau da kai.

"Abban Juwairiyya, ashe kai ma kana wari kamar sauran mutane," in ji Bara'atu, tana dariya har da riƙe ciki.

Ya shige banɗaki. Ya yi wanka sau biyu, ya kwanta, ya rantse a ransa ya gama da keke. Asabar ta zagayo kuwa Rilwanu ya buga ƙofa, ya fito.

Haka aka yi ta yi. A mako na uku ya hau tudun nan bai sauka ba. A na biyar ya gane lokacin da ake sauke giya, ya daina jin sarƙa na ƙara kamar za ta tsinke. Ya fara fita shi kaɗai ranar Talata, ɗan zagaye kafin ofis. Wandunansa suka fara yi masa yawa. Abin bai taɓa yi masa daɗi ba, amma ya ga yana hawa benen ofis ba tare da ya tsaya a tsakiya yana yi kamar yana duba waya ba.

A mako na bakwai Zaharaddeen ya ce sun isa a gwada su da hawa na gaske. Akwai wata hanya a bayan Kinkinau da ke gangarawa zuwa wani kwalbati, daga nan ta miƙe sama, doguwa, ba wurin hutawa. Sharhabil ya san da hanyar, bai fi tafiyar minti goma a ƙafa daga ƙofar gidansa ba, amma bai taɓa bi ba saboda ramuka.

An yi ruwa a daren jiya. Suka gangara cikin sanyin safiya, suka haye kwalbatin, hawan ya fara. Ya sauke giya, ya sake saukewa, har ta ƙare. Wajen rabin hawan, inda ya fi tsauri, hancinsa ya kasa, dole ya wangale baki yana jan iska kamar kifin da aka fitar daga ruwa. A daidai nan warin ya tare shi.

Bola ce, ta cinye rabin titin. Tsawonta ya kai na gida uku a jere, tudunta ya fi mutum. Ruwan daren ya jiƙa ta, rana ta fara taɓa ta, tana tururi. Ga ƙunzugun jarirai sun kumbura sun fashe, ga ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon kankana, ga gashin kaji, ga mushen kare cikinsa ya buɗe tsutsotsi na motsi a ciki kamar shinkafa a tukunya. Daga wata 'yar mayanka da ke sama, wani baƙin ruwa mai kauri yana bin lambatu, ya haɗu da ruwan bolar, ya malalo kan kwalta. Tayar Rilwanu da ke gabansa ta ɗebo ruwan nan ta fesa masa a fuska da leɓe. Kafin ya rufe baki, wani ƙaton koren ƙuda da ya tashi daga kan mushen ya shige masa har maƙogwaro. Ya ji motsinsa. Ya yi tari, ya yi kakari, ƙudan ya wuce ciki.

Bai san lokacin da ya saki keken ba. Ya durƙusa a gefen titi ya yi ta sheƙa amai, har sai da babu abin da ke fitowa sai ɗaci. Sauran sun yi gaba, kowa na fama da nasa numfashin.

"Sannu, Alhaji. Sannu. Ungo, kurkure bakinka."

Wani mutum ne dogo, zai yi shekara arba'in da wani abu, da takalmin roba har gwiwa, ya ajiye baro cike da shara. Yana miƙo masa ledar ruwa da hannun da ya gama tura shara. Sharhabil ya dubi hannun, ya dubi gorarsa da ta faɗa cikin baƙin ruwan nan, ya karɓa. Mutumin ya ce sunansa Tanko, daga Zamfara ya zo, shekara shida yana kwasar shara a gidajen unguwar.

"Ba a kwashe wannan wurin ne?" Sharhabil ya tambaya da dasasshiyar murya.

"Awo, ana zuwa," in ji Tanko. "Bara waccan sun taho da mota, sun kwashe can gefen, sun ɗauki hoto. Tun daga ran nan dai ban sake ganin kowa ba."

Ranar bai iya cin komai ba. Bara'atu ta yi masa farfesun kayan ciki don ya ji ƙarfi, yana buɗe kwanon ya tashi da gudu. Ya goge haƙora har dasashinsa ya yi jini. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganar hoton.

Ranar Litinin ya sa aka kawo masa fayil ɗin shiyyar. Wurin yana ciki, da lambarsa: an kwashe a watan Maris, an kwashe a Yuni, an kwashe a Satumba. Kowane rahoto da hotonsa, fili fes, da wata farar akuya tana tsaye a gefe ta ɗaga ƙafa ɗaya. Ya jera hotunan uku a kan teburi. Akuyar ɗaya ce, ƙafar ɗaya ce ta ɗaga. A ƙasan kowanne ga sa hannunsa, mai kyau, da 'yar lanƙwasar nan da yake alfahari da ita. A rahoton Yuni har ya gyara wani waƙafi da jan biro.

Ya kira Shamsuddeen, jami'in da ke kula da shiyyar, wani mai fara'a da kullum takalminsa ke ƙyalli.

"Wannan akuyar, wata shida tana tsaye a wuri ɗaya?"

Shamsuddeen ya leƙa hotunan, ya sosa ƙeya, ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, ai ka san yadda abin yake. Motar da ke aiki ɗaya ce, shiyya bakwai. Rahoto kuma dole ya fita ƙarshen wata."

"Ka taɓa zuwa wurin?"

"Na je lokacin da aka ɗauki hoton."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ranka ya daɗe, ba ka taɓa tambaya ba."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Sharhabil ya sallame shi. Ya ɗauki fayil ɗin ya hau wajen darakta. Daraktan ya saurare shi yana ɓare gyaɗa, ya tambaye shi wata nawa ya rage masa, Sharhabil ya ce takwas.

"To, Malam Sharhabil, ka lallaɓa ka fita lafiya mana. Ba kai ka kawo ƙazanta Kaduna ba."

Bai lallaɓa ba. Mako uku yana sintiri tsakanin ofisoshi, yana rubuta takarda, yana tsayawa a kan makanikai, har ya samu tifa biyu da katafila na yini ɗaya. Ya je da kansa, da hankici biyu a hanci. Lokacin da katafilar ta cusa haƙoranta a gindin bolar, warin da ya fito sai da masu shagunan wurin suka rufe suka gudu. Ɓeraye suka watsu cikin gidaje. Kafin magariba an ga kwaltar da aka shekara biyu ba a gani ba.

Masu keke suka ji labari, suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Aka buga riguna masu ɗauke da sunan ƙungiya, aka sayo safar hannu da tsintsiya sababbi. Asabar ɗin da ta biyo baya suka tsaya a wurin da katafila ta riga ta share, suka yi kamar minti ashirin suna kaɗa tsintsiya, wani na ɗaukar su a waya. Aka sake ɗauka saboda Rilwanu ya rufe ido. Aka sha ruwa, aka ci ayaba. Da suka hau kekunansu, Sharhabil ya waiwaya ya ga ledojin ruwa da ɓawon ayaba da safar hannu a zube a inda suka tsaya. Zaharaddeen kaɗai ya ga ya cusa tasa ledar a aljihu. Kafin azahar hotunan sun zagaye wayoyi, ana ta yi musu addu'a. Sharhabil ya fita daga zauren ƙungiyar a wayarsa.

Bayan kwana goma sha biyu ya bi hawan shi kaɗai da safiyar Talata. Bolar ta dawo, ta kai gwiwa. Tanko na tsaye yana juye baro. Sharhabil ya taka birki, ransa a ɓace.

"Kai Tanko! Ba ka ga wahalar da aka sha ba? Wurin da aka share jiya-jiya?"

"Alhaji, to ina za ni da ita?" in ji Tanko, bai ko ɗaga murya ba. "Ka nuna man wuri. In ka nuna man, wallahi can zan kai, ko da nisa."

Sharhabil ya tuna da kwandunan shara. A takarda akwai manyan kwandunan ƙarfe huɗu a shiyyar. Ya riga ya zagaya da keke ya duba, ɗaya ne kawai ya samu, wani ya mai da shi shagon sayar da gawayi.

Yana tsaye idonsa ya sauka a kan abin da ya zubo daga baron. Wata baƙar leda ta fashe, ga ɓawon doya, ga ƙashin kifi, ga kwalin maganin hawan jini. A jikin kwalin akwai 'yar farar takardar da ake mannawa a asibiti. Ya sunkuya. S. Tukur, ɗaya da safe. Kusa da shi ga tsohon buroshin haƙoransa, wanda ya jefar shekaranjiya.

"Wannan daga ina ka ɗebo?"

"Tun jiya na ɗebo ta, gidan mai koren ƙyaure, layin masallaci. Hajiyar gidan mutuniyar kirki ce, kullum sai ta ba ni abin kari."

Shekara shida mutumin nan yana zuwa ƙofar gidansa duk bayan kwana biyu, Sharhabil bai taɓa ganin fuskarsa ba, don lokacin yana ofis yana sa hannu. Tanko ma bai gane shi ba, ga hular kwano ga tabarau. Bai gaya masa ba. Ya hau kekensa ya ƙarasa hawan, bakinsa a buɗe, don babu yadda zai yi.

A gida ya tambayi Bara'atu ko ta san inda shararsu ke zuwa.

"Ni ina zan sani? Kai ne ma'aikacin tsafta."

Ya haƙa rami a bayan gida don ɓawo da ragowar abinci, ya ce leda da kwali a riƙa tara su a buhu, shi zai kai su da mota inda ya san tifa na zuwa. Mako biyu ramin ya fara tara ƙudaje, Bara'atu ta ce ko ramin ko ita. Aka rufe ramin. Buhun dai ya ci gaba da kaiwa duk Lahadi, bayan motarsa ya ɗauki wani tsami da turare bai iya kashewa ba. Sauran sharar kicin kuwa Tanko ya ci gaba da ɗauka, Sharhabil kuma ya san inda take kwana.

Rahoton ƙarshen wannan watan ya zo teburinsa, ya karanta, ya mayar ba sa hannu. Na watan gaba ma haka. Ba wanda ya yi masa faɗa. Sai kawai aka daina kawo masa, aka riƙa kai wa wani mataimakin a ofishin da ke kallon nasa, rahoto ya ci gaba da fita a kan lokaci. Watanninsa na ƙarshe ya yi su a teburi wayam. Ranar walimar sallamarsa daraktan ya tashi ya ce ba a taɓa yin ma'aikaci mai tsafta irinsa ba, aka tafa, aka ba shi agogon bango.

'Yan ƙungiyar sun daina bin hawan Kinkinau, sun koma titunan unguwannin manya inda akwai inuwar itatuwa. Daga takwas sun koma huɗu. Rilwanu ya sayar da kekensa, ya ce gwiwa. Sharhabil yana fita sau uku a mako shi kaɗai, kuma hawan nan yake bi, don duk kusa babu wanda ya kai shi sa mutum haki, likita kuwa haki ya ce a yi. Ya koyi ya cika ƙirjinsa da iska tun daga kwalbati, ya bi ta can gefen dama, ya kau da fuska. Wani lokaci Zaharaddeen yakan biyo shi su hau tare.

Da ya koma asibiti bayan shekara, likitan ya auna shi, ya dubi takardar bara, ya rage masa ƙwaya ɗaya. Kilo goma sha ɗaya ya zubar.

"Ma sha Allah, Malam. Da duk marasa lafiyata haka suke, da na huta. Ka ga yanzu ka samu abin da kake jin daɗinsa."

Sharhabil yana saukar da hannun rigarsa, ya ɓalla maɓallin a hankali.

"Likita, ni ban ce maka ina jin daɗinsa ba. In da abin da za ka ba ni na tashin zuciya, ka haɗa mini da shi."